Lemon Murjanatu Mai Kumfa

Ɗaki ɗaya muka zauna da Murjanatu a unguwar Al Nahda ta Dubai, can bakin iyakar Sharja, inda masu albashi irin namu ke haɗuwa su kama fulat ɗaya su raba ɗakuna. Ni Rabi aikin jinya nake yi, kuma duk wanda ya san ni ya san ni da baki. Ita kuwa in ba ka taɓa ta da magana ba sai ta yini ba ta ce uffan ba. Mutane suna mamakin yadda muka zauna lafiya, alhali ba wani abin mamaki: ni nake yi mana faɗa da mai gida in ruwa ya ɗauke, ita take yi mana tuwo.

'Yar Kano ce, haihuwar Gwammaja. Mahaifinta Malam Sanda tela ne, ya rasu tana firamare. Mahaifiyarta, wadda duk unguwa ke kira Umma, ita ta riƙe gidan da kunun zaki da zoɓo da kunun aya. Murjanatu ce 'yar fari, don haka tun ba ta kai tsayin turmi ba take wanke gorunan roba, tana tace gasara, tana ɗura kunu da mazurari kafin ta tafi makaranta. Umma ba ta kama sunanta, saboda kunyar ɗan fari. "Ke" ce, ko "'yar nan", in rai ya ɓaci kuma ta koma "waccan". Da ta gama sakandare ta karanci girke-girke a kwaleji, a shekarar 2016 kuma aka samo mata aiki a kicin ɗin wani otal a Al Rigga. Aikinta na farko fere abarba ne da yanka kankana tun safe har yamma. Takan dawo gida ruwan abarba duk ya cinye mata yatsu, in shafa mata mai ina zagin otal ɗin, ita tana dariya.

A Dubai ta wancan lokacin Juma'a ce babbar ranar hutu, kuma otal-otal suna da wata al'ada da suke kira buranci. Ba karin kumallo ba ne, ba kuma abincin rana ba. Ni dai a wurina abincin waɗanda suka makara ne suka rasa sunan da za su ba shi. Daga tsakar rana har la'asar ana ci ana sha. A otal ɗinsu wani ɗan Filifin mai suna Renato ne ke haɗa wa masu sha abin shansu: ya zuba ruwan mangwaro da na abarba a gindin dogon kofi, ya cika shi da giyar inabi mai kumfa. Waɗanda ba sa sha kuwa, Larabawa da iyalansu, da Indiyawa, da irinmu, sai a dire musu lemon gwangwani. Murjanatu tana leƙowa daga ƙofar kicin tana gani, abin yana ci mata rai.

"Anti Rabi, an mayar da su kamar yara a gidan biki," in ji ta. "Kowa da kofinsa mai kyau, su kuma da gwangwani."

Na ce mata ta bar abin da bai shafe ta ba. Ba ta yi musu ba, don ba ta iya ba, amma washegari sai ga ta da kwalba daga kanti. Ruwan inabi ne mai gas, wanda ba giya a cikinsa ko ɗigo, irin wanda Larabawa ke buɗewa a bukukuwansu. Matsalarsa ɗaya ce: kwalbar ba ta da maraba da ta Renato. Doguwa, koriya, an naɗe wuyanta da takarda mai ruwan zinariya, an ɗaure matoshinta da waya. Daga ranar kicin ɗinmu ya koma ɗakin gwaji, ni kuma na zama zakaran gwajin dafi. Na sha mai tsami, na sha mai zaƙin tsiya, na sha wanda ya rabu gida biyu a kofi. Ba ta taɓa tambayata ko ya yi daɗi ba, fuskata kawai take kallo ta koma ta sake.

Ga yadda ta tsaya a ƙarshe, don na gani har na haddace, ko da yake in ni na yi ba ya fita. Ta sami mangwaro nunanne, irin na Pakistan mai zuwa lokacin zafi, ta markaɗa shi da abarba. Sai ta fasa wani ɗan itace da ake kawowa daga Kenya, fashan furut suke ce masa, bayansa a yamutse kamar tsohon goro, cikinsa kuwa ruwa ne mai ɗan tsami da ƙamshi. Ta matse lemon tsami, ta ɗiga zuma, ta tace duka a rariya har sai ba sauran zaren mangwaro, don in akwai shi kumfa takan taru a kansa ta yi ambaliya. Komai sai ya yi sanyi ƙalau, har kofunan a firij suke kwana. Ƙanƙara kuwa ba ta yarda da ita ba, wai tana kashe gas. In an zo sha, sai ta zuba ruwan 'ya'yan itacen a gindin kofi, ta karkata shi, ta tsiyaya ruwan inabin ta gefe a hankali, tana cewa "shwaiya, shwaiya" ƙasa-ƙasa, wato sannu-sannu da Larabci. Ba ta juyawa da cokali, ɗagowa ɗaya take yi daga ƙasa ta bari. Ta ɗora ganyen na'ana'a a sama, ta maƙala yankan abarba a bakin kofi.

Ta kai wa shugaban kicin ya ɗanɗana, ya ce a gwada Juma'a ɗaya. Juma'a ɗayan nan ita ce ta zama teburinta. Aka ba ta wuri a ɗaya ƙarshen zauren, da farin ƙyalle da firij ɗinta daban. Ta kafa wa kanta doka tun ranar farko: ba ta ɗaukar kwalbar Renato, ba ta zubawa, ba ta wanke kofinsa. Shi ma mutumin kirki ne, Hajiya yake ce mata, in ya ga baƙon da ba ya sha sai ya nuna masa teburinta da hannu. Matan Larabawa suka riƙa yin layi, har da masu shan ma sukan tsallako. Na yi alfahari da yarinyar nan, ba na ɓoyewa. Ta bar fere abarba tun safe har yamma, ta sami abin da za ta ce nata ne.

Ana nan sai ga Labaran. Ɗan ƙanen Umma ne, wato taubashin Murjanatu, ɗan kasuwa mai zuwa sarin abaya da turare, ya kai kayansa kago, wato wurin masu aika kaya ta jirgi, a Al Sabkha ya koma Kano. Wata Juma'a wani Ba'indiye da yake sayen kaya a wurinsa ya gayyace shi buranci, kuma Allah ya yi otal ɗin ne. Ya hango ta riƙe da kwalba tana murmushi, kumfa tana leƙowa a baki. Maimakon ya ƙarasa su gaisa, ya tambaye ta mene ne wannan, sai ya laɓe bayan ginshiƙi ya ɗauki hoto. Kafin ya gama cin abin da ke farantinsa hoton ya isa zauren dangi da ke waya, da rubutu a ƙasa: a taya mu da addu'a.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Duk dangin nan ba wanda ya tambaye shi me ya kai shi wurin, shi da ya cika faranti da jatan lande a tsakiyar masu sha. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wayar Murjanatu ta yi ta kuka, gwaggwanni da kawunnai kowa da wa'azinsa. Umma ce kaɗai ba ta kira ba sai da ƙura ta lafa. Ina zaune a gefe, muryarta na fita, a natse take.

"Ke, na ga hoto. Ba zan ce komai ba sai na gani da idona. Ki aiko mini da takardun jirgi. In na zo na tarar abin da ake faɗa gaskiya ne, jirgi ɗaya za mu hau mu dawo."

"To, Umma."

Abin da ta ce ke nan, kuma na san har zuciyarta haka ne. In Umma ta ce a tafi, Murjanatu za ta bar teburin, ta bar bizar, ta bar komai, ta koma Gwammaja ba tare da ta ɗaga murya ba. Wannan ne ya ba ni tsoro.

Umma ta sauka a watan Yulin 2018, da jaka cike da kuka da daddawa da yaji. Gajeriyar mata ce mai ƙarfin hannu, kuma ba abin da ya burge ta a Dubai. Na nuna mata dogayen gine-gine, ta ce su wa ke share su. Muka hau jirgin ƙasa marar direba, ta ce Allah ya kyauta. Zafin garin kuwa ta ce wannan ba rana ba ce, tururin tukunya ne. Da ni tana hira har da dariya, tana tambayata mutanen gidanmu. Da 'yarta kuwa daga gaisuwa sai "miƙo mini carbi". Maganar hoto ba ta tayar ba, amma tana nan zaune da mu a ɗaki.

Murjanatu ta so ta kai ta otal ɗin ta gani. Na ce kul. Matar da za ta shiga ta fara cin karo da teburin Renato, da matan Turawa da gajerun riguna, ai ba za ta ƙarasa naki teburin ba. Na ce a yi a gida, a haɗa mata abin a gabanta tun daga ɓawon abarba har kumfa. Murjanatu ta roƙi hutun Juma'a ɗaya, aka ba ta da ƙyar. Umma ta ce ta yarda, amma da sharaɗin a kira mai hoto, tunda yana gari.

Ranar Alhamis muka je kasuwar kayan marmari ta Deira, a nan ne na fara ganin Umma ta ware. Tana shiga ta manta da fushi. Ta ɗauki abarba ta ja ganyen tsakiya, ta shinshina gindinta, ta mayar. Ta latsa mangwaro da babban yatsa, ta yi wa mai kayan, wani ɗan Pakistan, faɗa da Hausa cewa wannan da ɗanyensa aka tsinko shi, shi kuma yana ta gyaɗa kai kamar yana ji. Na koma gefe ina kallonsu, uwa da 'ya, hannuwansu suna bin kayan iri ɗaya, in wannan ta ajiye waccan ma ba ta ɗauka. Da muka fito Umma ta tuna tana fushi, ta sake ɗaure fuska.

Da safen Juma'a suna kicin, ni ina soya waina a gefe. Umma ta karɓi wuƙa tana fere abarba ba tare da an roƙe ta ba. Can sai ta yi magana, idonta a kan wuƙar.

"A can wurin aikin naku, ana shan ta?"

Na juyo na ƙifta wa Murjanatu ido, wai ta kewaye. Ko kallona ba ta yi ba.

"Ana sha, Umma."

"Ke kike zubawa?"

"A'a. Teburina daban, firij ɗina daban. Ba na ɗauka, ba na zubawa, ba na wanke kofinsu."

"To kwalbar da na gani a hannunki fa?"

"Irinta za ki gani yau."

Umma ta ci gaba da fere abarbarta. Ta tsaya ta ga an markaɗa, ta ga an tace, ta ɗauki fashan furut ɗaya ta juya shi tana yamutsa fuska, har ta lakato da yatsa ta ɗanɗana. Wannan ɓangaren duk ta san shi, ba ta ga abin zargi ba. Na fara jin sanyi a raina.

Bayan an sauko daga masallaci Labaran ya iso, cikin farar shadda mai sitaci, turare na tashi kamar an fasa shagonsa. Ya durƙusa ya gai da Umma, ya zauna ya cika wuri.

"Gwaggo, ni fa ban ce komai ba, wallahi. Hoto kawai na tura, khalas, shi ke nan. Yalla, a kawo mu gani, ina da kago da zan duba da yamma."

Na ce, "Sannu da zuwa, mai hoto. Yau ma ka zo da wayar, ko sai an samo maka ginshiƙi?"

Ya yi dariyar yaƙe. Muka shimfiɗa leda a tsakar falo, aka jera waina da miyar taushe, da soyayyar doya da ƙwai, da gasasshiyar kaza. Labaran ya ci kamar ba shi ne ya haɗa fitinar ba. Murjanatu ko loma uku ba ta yi ba. Da aka gama ta tashi ta kawo kofunan a tire, sanyi ya sa sun yi raɓa, ta zuba ruwan 'ya'yan itacen a gindin kowanne. Sannan ta koma ta fito da kwalbar.

Ta durƙusa a gaban Umma, ta ɓare takardar wuyan, ta warware wayar a hankali. Ita ba ta barin matoshi ya yi ƙara. Takan rufe shi da ɗan tawul ta riƙe, ta murɗa kwalbar, ya fita da ɗan huci kawai. Ranar kuwa, don ruɗewa, ta manta tawul ɗin a kicin. Ta ajiye kwalbar a kan leda ta tashi ɗaukowa. Da ni ce da na ce kar kowa ya taɓa, amma Murjanatu ba ta iya ce wa uwarta kar ki taɓa ba.

Umma ta miƙa hannu ta ɗauka. Ta ɗaga ta wajen haske, ta duba gindinta, ta shinshina wuyanta. Daga nan hannunta ya yi abin da ya saba yi tun kafin a haifi Murjanatu. Duk wanda ya tashi da kunun gora ya san ba a buɗewa sai an girgiza, don gari yakan kwanta a ƙasa ruwa ya taso sama. Hannu ne ke yi, ba ya shawara da kai. Ni kaina har ruwan roba na sha kama kaina ina girgizawa. Umma ta kifa kwalbar, ta ɗago, ta kaɗa ta da ƙarfin mai sana'a. Na gani, na so in yi ihu, amma bakina cike yake da waina.

Fau! Matoshin ya daki silin ya dawo ya faɗa cikin miyar taushe. Bakin kwalbar yana kallon Labaran, don haka shi ya fara samun rabonsa, tun daga hula har aljihu. Umma ta firgita ta juyo da ita wajen kanta, kumfa ta wanke mata fuska da mayafi. Murjanatu ta fito a guje ta cafke kwalbar ta toshe bakin da tafin hannu, abin ya tsarto ta tsakanin yatsunta ya jiƙa ta tun daga hijabi har ƙafa. Ni kaɗai na tsira, don na kare kaina da tire.

"Innalillahi! Najasa!" Labaran ya miƙe yana yarfa hannuwa. "Gwaggo, kin gani ko? Ai na faɗa! Shaddata, wayyo shaddata!"

Ya faɗa banɗaki ya murɗa mukulli, muka ji famfo ya ɓarke. Umma kuwa tana zaune ta runtse ido, ta ware hannuwa, ta damƙe leɓɓanta gam don kar ɗigo ya shiga. Magana take so ta yi ba hali, sai "mm! mm!" tana nuna fuskarta. Allah ya yafe mini, dariya ta ƙwace mini, na yi ta yi har da hawaye ina goge mata fuska da tawul ɗin da ya zo a makare. Sai da na goge mata baki tas ta buɗe shi, kuma abin da ya fito ya tsayar mini da dariyar.

"Ke, haɗa kayanki."

Na ce, "Haba Umma! Ai lemon kwalba ma yana da gas."

"Lemon kwalba ba ya harbi."

"Girgizawa kika yi, shi ya sa. Ga shi nan a rubuce a jiki, ba giya ko kaɗan."

"Rabi, ni ban yi boko ba, amma na san gora. Duk abin da ya kumbura har ya tunkuɗe murfinsa, kwana ya yi ya juya. Kunu in ya yi haka zubarwa nake yi, ko akuya ba na ba wa. Ji warinsa ma, tsami-tsami."

Na yi bayani, na yi rantsuwa, na ce a kira duk wanda ta yarda da shi a tambaya. Ta kawar da kai. Na juya wajen Murjanatu, na tarar ta ɗauko tsumma tana goge ƙasa.

"Ke kuma ki yi magana mana! Aikinki ne fa zai tafi!"

"Me zan ce, Anti Rabi? Na riga na faɗa." Ta dubi uwarta ta ce, "To, Umma."

Ban taɓa jin haushin haƙurin mutum irin na ranar ba. Na zauna ina huci, ina jin ƙarar famfo da Labaran yana dirzar shadda, ina tunanin yadda zan yi da shi in ya fito. Ana cikin haka masallacin bayan gidanmu ya kira la'asar.

Murjanatu ta ajiye tsumman. Banɗaki a kulle, don haka ta yi alwala a famfon kicin. Ta fito ta ɗauki darduma, ta nemi inda ƙasa ba ta yi danƙo ba, ta shimfiɗa. Ba don kowa ta yi ba, na tabbata, don ko waiwayowa ba ta yi ba. An kira salla ne ta tashi, kamar kullum. Hijabin nan da rigar nan suna jikinta a jiƙe, har suna manne mata.

Umma ta ɗago kai ta ce, "Ke, ba ki sake ka..."

Ba ta ƙarasa ba, Murjanatu ta riga ta yi kabbara.

Umma ta zuba wa bayanta ido. Ta kalle ta ta yi ruku'u, ta kalle ta ta kai goshi ƙasa, ruwan inabi yana ɗiga daga gefen hijabin a kan darduma. Can ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya.

"Yarinyar nan, tun tana ƙarama, in kaza ta taka mata zani sai ta sake wani kafin ta yi salla. Na sha dukanta a kan yawan wanki."

Umma ta dubi mayafinta, ta kama gefensa ta matse, ruwa ya zubo. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Sannan ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Ina da alwalata. Ba ni darduma."

Na ce, "In ɗauko miki wani mayafin?"

"Bar shi."

Ta shimfiɗa a gefen 'yarta, ta gyara jiƙaƙƙen mayafin a kanta, ta tayar da tata sallar. Ni da ba na kuka a gaban mutane, ranar na yi, ban kuma ji kunya ba. A daidai lokacin Labaran ya buɗe ƙofar banɗaki, daga shi sai singileti da zanina da ya samu a rataye, ya buɗe baki zai yi magana. Na yi masa kallo ɗaya, ya koma ciki ya ja ƙofa.

Murjanatu ta sallame ta ga wadda ke gefenta, ta ga kayan da ke jikinta. Ta sunkuyar da kai ta zauna a wurin har Umma ta idar ta shafa addu'a. Umma ba ta dube ta ba. Ta nuna kwalbar da haɓa.

"Da saura a ciki?"

"Da ɗan kaɗan, Umma."

"Zubo."

Murjanatu ta karkata kofin yadda ta saba, ta tsiyaya ta gefe. Kumfar ta gaji, 'yar kaɗan ce ta taso. Umma ta karɓa ta yi bisimilla ta kurɓa, ta riƙe a baki tana juya shi, ta haɗiye, ta sake kurɓa.

"Gobe da aiki?"

"Da aiki, Umma."

"To ki tashe ni in kin tashi, in daka miki citta ki tafi da ita. Abin nan da ƙamshi, amma ba shi da kaifi. Kar a ce daga gidana ya fito a haka."